Ƙofar da Malama Rifkatu ta Toshe

Tun ranar da Malama Rifkatu ta sa gidanta a kasuwa zama ya gagare ta. Ta share tsakar gida da sassafe, ta sake sharewa da hantsi, in iska ta kaɗo ganyen darbejiya guda sai ta bi shi da tsintsiya kamar ya zage ta. Ko akuya ce ta gogi ƙofar waje, sai ta gyara ɗankwali ta ruga, wai ko mai saye ne ya zo.

Ba da son ranta ba ne. Mijinta Malam Yusufa, wanda suka zo Gwandu aikin koyarwa tare tun suna da jini a jika, ya sami shanyewar ɓarin jiki bara. Baki ya karkace, magana ta yi nauyi, amma kullum sai ya yi ƙoƙari ya ce a mai da shi ƙauyensu can ƙasar Zuru. Likita kuma ya ja ta gefe ya ce in za a kai shi, a kai shi tun yana gane mutane. A can ba su da komai sai kangon mahaifinsa, babu rufi. Dole a sayar da wannan a rufa wancan, kuma kafin ruwa ya sauka hanyar ƙauye ta ɓaci.

To, gida a Gwandu ba tumatir ba ne da za a kasa a bakin hanya. Mutanen garin gado suke ci, yaro in zai yi aure sai a yanka masa gefe a gidan ubansa. Wanda kuwa Allah ya buɗa masa, Birnin Kebbi yake hange, ko Kalgo, inda tun da ma'aikata suka cika gari ake wawar ko da kango ne. A Kalgon ne ɗansu Mika yake aiki, kuma ganin yadda ake cinikin gidaje a can ya sa ya zama gwani a baki.

"Mama, yanzu ido ke sayen gida," in ji shi. "Kowa tayil yake nema da banɗaki na zamani. Wannan tsohon masai na bayan gida ko kyauta ba mai so."

Ya kwaso abokansa na coci daga Kalgo, da Gidiyon mai aikin famfo, suka yi aikin gayya. Aka shafe bango da fenti ruwan madara, aka cike tsohon masai aka dasa fulawa a kai, aka gina sabon banɗaki a jikin ɗakin Malam Yusufa, fari tas, har mutum ya ji kunyar shiga da takalmi. Rifkatu ta tsaya tana kallo, ta ce a ranta ashe haka gidan yake da kyau, sai da za a bar shi.

Amma tun kafin a fara wannan aikin, sai da aka yi wani abu guda. A katangar da ta raba su da maƙwabciyarta Inna Ruƙayyatu akwai 'yar ƙofa, ba ta da ko ƙyaure. Ta nan gishiri ke wucewa, da garwashi, da naman Sallah da shinkafar Kirsimeti. Ta nan Ruƙayyatu ta shigo a guje ranar da aka haifi Mika, ta nan Rifkatu ta bi ta zauna makoki da Malam Haliru, mijin Ruƙayyatu, ya rasu. Lukuman dillali na ganin ƙofar ya girgiza kai.

"Malama, wagga ƙohwa sai a toshe ta. Babu mai iyali da ka sayen gida da hanya cikin gidan wani."

Rifkatu ta daɗe a Gwandu, ta san al'ada sarai: ba a kai gida hannun dillali sai an fara yi wa maƙwabci tayi, in ya ce ba shi da hali sannan a nemi bare. Ta sani. Sau da yawa ta doshi ƙofar da maganar a bakinta, sai ta ɓige da tambayar kuɗin daddawa. Ta yaya za ta dubi Ruƙayyatu ta ce za mu tafi ba dawowa? Mika kuma ya ƙara mata da cewa ciniki da maƙwabci asara ne, kunya ba za ta bari a yi ciniki sosai ba. Sai ta yi abin da matsorata ke yi. Ta bari ranar da Ruƙayyatu ta tafi suna Dodoru, ta sa aka jera bulo aka shafe da siminti.

Ruƙayyatu ta dawo ta tarar da ƙofa a toshe. Washegari dai aka ji muryarta ta bayan katanga: "Malama, an tashi lahiya? Yaya mai jiki?" Sai ga kwanon furar Malam Yusufa an ɗora a kan katanga, inda da ake shigowa da shi a zauna a dama. Kullum haka. Rifkatu kan miƙa hannu ta sauke, ta ji da ma zaginta aka yi.

Masu saye suka fara zuwa. Duk wanda Lukuman ya kawo sai ya yaba: ga rijiya mai ruwa, ga inuwa, ga kwanon rufi bai tsufa ba. Rifkatu na biye da su tana buɗe tagogi, bakinta bai rufuwa. Daga ƙarshe takan kai su banɗaki, don shi ne abin alfaharinta. Mutum ya leƙa, ya tsaya, ya fito tsakar gida ya ɗan dubi sama, ya sake leƙawa. Sai ka ga fara'ar ta ragu.

"Madalla, Malama. Za mu yi shawara."

Shawarar da ba a taɓa dawowa da ita ba ke nan. Lukuman kuwa, da yake a zaure yake tsayawa yana waya, ko ya sani ko bai sani ba, bai faɗa ba. Abin da yake cewa kawai, kasuwa ce ta yi sanyi, mutane taki suke saye yanzu ba gida ba.

Rifkatu ta ce wari ne. Ta wanke banɗakin har hannunta ya yi kanta, ta sa turaren wuta. Ta ce ko fentin ne bai yi musu ba. Ta ce ko ganin mara lafiya a kwance ke kashe musu jiki, sai ta riƙa ja masa labule, abin da ya fi komai ƙona mata rai. Tana cikin wannan lissafi Malam Yusufa na ƙara yin nisa. Wata rana ya kira Mika da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa, sai da aka jima ya gyara. Ga gabas ta fara haɗa gajimare da yamma.

Daga nan wani mugun tunani ya shige ta. Wata safiya ta hau kujera ta cire gicciyen da ke bangon falo, ta naɗe shi a zane ta tura ƙarƙashin gado. Ta sauko, rabi kunya rabi haushi. Shekara talatin da ɗoriya tana koya wa 'ya'yan garin nan karatu, ashe har yanzu gidanta abin ƙyama ne? Ta kasa cin abinci. Ta kasa ko zama ta yi kuka, sai kaiwa da komowa tsakanin zaure da rijiya.

Cikin waɗanda suka zo akwai Alhaji Zubair mai hatsi, wanda ya fi kowa yabawa, har ya auna inda zai yi rumfar mota. Da ta ji an ce yana Kalgo ya koma neman gida a can, sai ta bar Malam Yusufa da wata 'yar cocinsu, ta shiga bas. Ko gidan Mika ba ta biya ba. A kasuwa ta same shi cikin buhunan gero, ya sa aka ba ta benci da ruwan sanyi.

"Alhaji, ba roƙo na zo ba, gaskiya nake so. Don mu Kirista ne?"

Alhaji Zubair ya zabura har carbinsa ya faɗi. "Subhanallahi! Malama, ke da kika koya ma ɗiyata Huseina karatu? Wallahi ko kusa."

"To mene ne aibin gidana?"

Nan fa dattijo ya shiga uku. Ya gyara hula, ya dubi buhu, ya dubi ƙasa, ya yi tarin da babu shi. Ina zai iya buɗe baki ya yi wa matar mutane irin wannan magana a tsakiyar kasuwa?

"Gidanki ba shi da aibi, sai ɗan abu guda. Amma ba magana ta ba ce da ni da ke. Ki tambayi maƙwabciyarki, kallo guda za ta yi ta gaya miki."

Duk hanyar komawa Rifkatu ba ta jingina da kujera ba. Da ta sauka ba ta shiga gida ba, ta zagaya ta titi ta tsaya a zauren Ruƙayyatu ta yi sallama kamar baƙuwa. Tun da take ba ta taɓa shiga gidan ta nan ba. Ruƙayyatu na tankaɗe, ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa.

"Maraba da mutanen nesa."

"Inna, ki yi mini duk abin da za ki yi daga baya. Yanzu zo ki duba mini gidan nan."

Suka zagayo tare ta titi. Ruƙayyatu ta gaida mai jiki, ta wuce fenti, ta wuce fulawa. Da ta leƙa banɗaki sai ta dafe ƙirji, ta fito ta dubi inda rana ke fitowa, sannan ta fashe da dariya har da riƙe bango.

"Malama! Wa yai miki wanga aiki? Gabas hwa yake kallo! Alƙibla sak! Wane Musulmi za shi zauna nan yai lalurarshi yana huskantar inda yake sallah? Malamai sun ce cikin gini da sauƙi, amma zuciyar mutum ba ta natsuwa."

Rifkatu ta yi tsaye baki buɗe. "Shi ke nan? Amma tsohon ai ba wanda ya taɓa kuka da shi."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Ruƙayyatu. "Tsohon ai Malam Haliru ya ja ma magina layi, Allah shi jiƙan shi. Kudu ya juya shi. Cewa yai, gidan Malam Yusuhu gidanmu na, ɗiyanmu nan za su wuni. Ba ki taɓa lura ba, don ba a taɓa sa ki lura ba." Ta juya ta dubi sabon siminti a jikin katanga. "Da wagga ƙohwa na buɗe, ranar da anka aza bulo na hwarko zan gani in hana. Ina jin bugun guduma, amma an nuna min ba a son idona."

Rifkatu ta zauna a bakin rijiya. Kuka ya zo mata irin wanda ta daɗe tana dannewa.

"Na kasa gaya miki za mu tafi, Inna. Wallahi kasawa na yi."

"Na sani. Ni ma hushi ya hana ni leƙowa, ga shi mun ɓata ma bawan Allah lokaci." Ta share ido da gefen mayafi. "Ɗana Muzzammil tun bara yake neman inda za shi aje iyali kusa da ni. Da munka ga dillali, sai yac ce ba mu aka so ba. Juya wancan abu aikin yini guda na. Amma kahin a taɓa shi, a hwasa min ƙohwata."

Ba su jira magini ba. Rifkatu ta ɗauko taɓarya, Ruƙayyatu ta koma ta nata ɓangaren da gatari, suka yi ta bugu har bulo ya zube, ƙura ta ɓata sabon fentin Mika. Da la'asar Muzzammil, ɗan Ruƙayyatu, ya zo da kawunsa da mai unguwa. Ba a yi dogon ciniki ba, kuma bai nemi ragin da Mika ke tsoro ba. Rifkatu ta ciro gicciyenta daga ƙarƙashin gado ta mayar a bango, ko da na 'yan kwanaki ne.

Mika ya tafi ƙauye ya sa aka buga wa kangon kwano. Kafin a gama an yi ruwan farko, an yi na biyu, manoma sun fita shuka. Ranar tafiya aka kawo mota ƙofar gida, aka shimfiɗa wa Malam Yusufa katifa a baya. Ana shirin ɗaukarsa sai ga Ruƙayyatu ta sunkuyo ta 'yar ƙofar da kwanon fura, ta durƙusa a gabansa.

"Malam, ga guzuri. Allah shi kai ku lahiya, a gaida mutanen gida. A yahe muna."

Malam Yusufa ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, da irin ladabin da ake yi wa baƙo. Sannan ya juyo wajen matarsa, ya tattaro ƙarfinsa, harshe na sarƙewa.

"Wace... ce?"

Ruƙayyatu ta ajiye kwanon a hankali ta rufe fuska da mayafi. Rifkatu ta kama ƙafafunsa, Mika da Muzzammil suka kama kafaɗu, aka sa shi a mota. Ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta, tana kiran masa sunayen 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, tana duban idonsa ko zai motsa.

Direba ya waiwayo ya ce zai ɗan tsaya a Jega ya karya.

"Kada ka tsaya ko'ina," in ji Rifkatu. "Don Allah ka taka."