Begilar Fakku

Sirajo ya ci amana, kuma da tagulla ya ci ta. An kai masa begila, ƙahon soja na tagulla, ta tsage a gwiwa, ya ce zai liƙe da sinadarin maƙera, sai ya ɗiga mata dalmar masu gyaran rediyo, ya shafe wurin da fenti ruwan ɗorawa.

Begilar ta Na'iya ce, wani dattijo na Fakku, ya gaje ta wurin mahaifinsa da ya yi soja. Da ita ake kiran mutane in wuta ta kama rumbu ko in an sa gayya. Kowa a garin ya san muryarta. Na'iya bai kai gida daga kasuwar Kebbe ba, gargadar hanya ta buɗe liƙin. Ranar gayyar gyaran gada ya busa, sai iska kawai ta fita ta gefe.

Na'iya bai koma wurin Sirajo ba. Ya hau mashin har Tambuwal, wurin Sambo maƙerin farfaru, mahaifin Sirajo, wanda ya koya masa sana'ar ya kuma ba shi zugazugi ya je ya kafa maƙera a Kebbe.

Sambo ya juya begilar a hannu, ya kankare fentin da farce. Ganin launin toka a ƙarƙashi ya ishe shi. Ya aika aka kira ɗansa.

Washegari da hantsi Sirajo ya iso, ya durƙusa.

"Mi ka sa nan?" in ji Sambo.

"Baba, dalma ce, amma mai kyau. Kowa da ita shika aiki yanzu."

"Ban ce dalma haramun ce ba. Ga wannan ɗan ƙarfe da ke riƙe bututu biyu, kakanka ma dalma zai sa, don wata rana a iya ɓalle shi a gyara. Amma tsaga ga gwiwa, inda ƙarfe ke motsi? Nan wurin sinadari ne, na tagulla da azurfa. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"To mi ya hana?"

Na'iya, da ke zaune kan turmi, ya ce, "Faɗa mishi, ɗana. Ni dai ka ce mini ko raƙumi ya taka ta ba ta buɗewa."

"Tagullar ta yi siriri," in ji Sirajo a hankali. "Sinadari na son wuta da yawa. Na ji tsoron in narkar da ita."

Wannan amsa ta fi yi wa Sambo ciwo. Tsoron daidai ne, shi ma da tsoro yake kusantar tsohuwar tagulla. Abin da ya rage wa ɗansa shi ne kalma uku, ban iya ba, ya turo mutum Tambuwal. Sai Sirajo ya ga girmansa a kasuwa ya fi begilar mutane. Sambo ya tuna sau nawa shi kansa ya yabi hannun Sirajo a gaban baƙi, bai taɓa bari ɗan ya ji shi yana mayar da aikin da ya fi ƙarfinsa ba.

"To yanzu sai a kankare a sa na gaskiya," in ji Na'iya.

Sambo ya tashi. Ya ɗauko guntun tagulla, ya ɗiga masa dalma, ya kankare har ido bai ganin komai, ya sa a garwashi ya ce Sirajo ya zuga. Da ƙarfen ya yi ja, wurin da dalmar ta taɓa ya rufta, ya bar rami kamar cin gara.

"Ka gani, Malam Na'iya. Ta riga ta shiga jikin ƙarfen. In na kai ta wutar sinadari, ita za ta cinye wurin. Da tsagar kawai ka kawo mini, da la'asar ka tafi da abarka lafiya. Mugun gyara shi ke hana na ƙwarai zama."

Dole aka yanke. Sambo ya cire faɗin yatsa biyu daga gwiwar, ya haɗa bakunan da zoben tagulla, ya bi da sinadari kaɗan-kaɗan, yana janye wuta yana mayarwa. Kwana biyu ya yi a kai, Sirajo na zuga.

Na'iya ya goge bakin begilar da hannun riga, ya busa. Ta yi ƙara, har awaki suka watse. Sai dai muryar ta ƙara tsini. Ya sake busawa, ya sauke ta kan cinya, ya daɗe yana kallonta.

"Za su ji ta har bayan gari," ya ce. "Amma ba muryar da babana ya bar mini ba ce."

Ba wanda ya ba shi haƙuri, don haƙuri ba ya mayar da abin da aka yanke.

Sambo ya je Kebbe da kansa ranar kasuwa, ya kwance zugazugin da ya ba ɗansa, ya ɗaure a bayan mashin a gaban jama'a. Ya kuma gaya wa maƙeran layin kada wanda ya ƙara miƙa wa Sirajo tagulla ko azurfa.

Yau shekara uku ke nan. Sirajo yana nan bakin kasuwar Kebbe, bokiti da tukwane masu yoyo yake liƙewa da dalma.