Ninkin da Ta Koya wa Tsofaffi

…ta talatin da ɗaya ke nan. A'a, da biyu. Malamin lissafin da aka ɗora wa ƙirgar ƙuri'u yana ɗaga takardar sama, yana juya ta hagu, yana juya ta dama, don kowane wakili ya gani da idonsa. Dangwale biyu. Ɗaya a kan alamar tsani, ɗaya a kan alamar agogo.

"Ta lalace," in ji shi, da muryar nan tasa ta kiran sunayen 'yan aji. Ya ajiye ta kan 'yan'uwanta.

Ita kuwa tana tsaye a bayan benci, katin wakilci a wuyanta. Wakiliyar tsani, wakiliyar ƙaninta Auta mai neman kujerar kansila. Ba dangwalen take kallo ba. Layin ninkin take kallo. A kwance, tsakiya cif, an bi shi da farce har ya yi kaifi. Wa ke ninka takarda haka? Wa, a duk faɗin unguwar nan?

Talatin da uku.

Shekara ashirin da shida a ɗakin wankin asibiti. Zannuwan gado, rigunan filo, tawul. Kai ya haɗu da ƙafa, kusurwa ta hau kusurwa, a danne. Ko ido rufe. Sabuwar ma'aikaciya in ta zo, wurinta ake turo ta, "je ki wajen Yaya ta koya miki ninki." Abin da ta iya ke nan a duniya, shi kaɗai, kuma shi ta ɗauka ta kai wa Auta gudummawa. Ba ta da bakin hawa mumbari, ba ta da mota. Tsofaffi take da su. "Bar mini tsofaffin nan, Auta, ni na san yarensu."

Mako uku tana bin gidaje bayan ta tashi aiki. Takardun da ta yage daga littafin 'yarta, ta zana tsani a sama, agogo a ƙasa, sauran alamun a tsakiya, daidai yadda suke a samfurin hukuma. Tsohuwar da ke sayar da gawayi. Tsoho mai gyaran rediyo da hannunsa ke rawa. Gwaggo mai ciwon gwiwa, wadda sai da aka yi sau bakwai… "Gwaggo, ki sha tawada sosai, kada ki yi mata rowa, ba kuɗinki ba ne. Ki dangwala a kan tsani. Sai ki haɗa kai da ƙafa maza-maza, ki danne da farce, kada wani ya leƙa." Gwaggo na dariya, haƙori ɗaya. "Ke dai, 'yar nan, ko likkafani kika ninka sai gawa ta yaba."

Da busasshen yatsa. Duk gwajin nan, da busasshen yatsa aka yi shi. Ba ta taɓa kai tawada ba. Me ya sa ba ta kai tawada ba?

Talatin da takwas. Fankar ajin tana juyawa, ba ta kawo komai. Rana ta karkata, tana shigowa ta tagar da babu gilashi, ta kwanta a kan allo inda wani darasin rabawa bai gama goguwa ba. Malamin ya sake ɗagawa. Dangwalen kan tsani baƙi wuluk, cike, an sha tawada yadda ta ce. Na kan agogo kuma dishi-dishi, a juye. Inuwar na farkon ce. Jiƙaƙƙiyar tawada ce ta sumbaci ɗaya gefen. Ita da ta san jan zani mai danshi ba a ninka shi kan fari! Ita da ta taɓa korar yarinya daga tebur saboda wannan! Garin neman gira…

Ba ta ƙarasa karin maganar ba.

An ce a ninka a tsaye. An faɗa? Akwai takarda manne a ƙofar ajin, da hoto, hannu biyu suna ninka ƙuri'a ta tsawonta. Ta wuce ta da safe. Ta gan ta. Har ta ce a ranta, dubi ninkin ƙazanta, wa ya koya musu? Ta shiga, ta dangwala tata, ta haɗa kai da ƙafa, ta bi da farce… Tata ma tana cikin tulin nan. Wataƙila ita ce ta goma sha biyu. Wataƙila wannan da ke hannunsa yanzu. Ba ta zaɓi Auta ba. Ita da ta goya shi, ba ta zaɓe shi ba.

Shekararsa huɗu ranar da aka fita da gawar Inna. Yana riƙe da gefen zaninta, yana tambaya wai Inna za ta dawo da yamma? Ita sha biyar. Ta ce za ta dawo. Ƙaryar farko da ta yi masa, kuma ta daɗe tana cewa ita ce ta ƙarshe. Ƙyanda, makaranta, koyon gyaran famfo, aurensa, duk a bayanta aka yi. Shekara biyu yana taka unguwar nan da ƙafa, lungu-lungu, takalmi uku ya cinye. Ruwa, ruwa, ruwa, maganarsa ke nan, har yara suka sa masa Kansilan Famfo. Shi ya san inda kowane bututu ya fashe. Mai agogo kuwa, ɗan kwangilar nan, ko hanyar rijiyar unguwa bai sani ba.

Arba'in da shida.

Wannan ne akwati na ƙarshe, sauran duk sun shigo. Kowa a ɗakin nan ya iya lissafin: agogo na gaba da sha huɗu. Sha huɗu kacal. Tulin lalatattu kuma yana ta tashi. Wakilin agogo ya daina ɓoye murmushinsa, yana kaɗa ƙafa. Da ta kwanta ciwo makon nan uku… da ta karye a ƙafa… da tsofaffin nan sun zo da makantarsu da rawar hannunsu sun cukuikuye takardar yadda suka ga dama, da yanzu ana ɗaga Auta sama.

Hamsin da uku. Shi ke nan. Malamin ya rubuta a takardar sakamako, ya karanta da ƙarfi, lamba bayan lamba. Ba ta ji. Kunnenta na waje.

Waje ya cika. Magana ta fita ta taga tun a ta ashirin, ta girma a hanya. Wai malamin ne. Wai a dubi hannunsa. Ta duba. Yatsunsa goma duk tawada, har gefen farar rigarsa, tun safe yana kama hannun mutane yana nuna musu abin dangwalawa. Wai da yatsun nan yake shafa wa agogo duk lokacin da ya buɗe takarda. Wai an saye shi. Ana dukan ƙyauren makarantar, ƙarfe na kuka. 'Yan sanda biyu ne kawai, ɗaya ma tsoho. Wani na ihu a fito da shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kowane bugu a ƙirjinta yake sauka.

Malamin, siririn mutum. Tabarau ɗaure da zare. Shi ya koya wa 'yarta lissafi, yarinyar da kowa ya ce kanta dutse ne, yana tsayawa da ita bayan an tashi, bai taɓa karɓar ko godiya da kyau ba. Matarsa ta haihu watan jiya a asibitinsu. Ita ta ninka zanin gadon.

Ga Auta. An bar shi ya shigo. Idanunsa jajur, hularsa a hannu, takarda a ɗaya hannun. Bai kalli malamin ba. Wajenta ya yo kai tsaye, yadda yake yowa tun yana rarrafe.

"Yaya, kin gani ai. A gabanki aka yi." "Lauya ya rubuta ƙorafi. Wakilin da ke ciki ne zai shaida cewa jami'in ne ya ɓata su. Kowa ya ci amanata yau, ke kaɗai kika rage mini. Sa hannu a nan."

Faɗa masa. Yanzu. Auta, ni ce. Kalma uku. Buɗe bakin mana! Sai ya yi yaya? Ba zai zage ta ba, da zagin ne ai da sauƙi. Kallonta zai yi. Zai ce ba komai, Yaya. Sannan har su mutu, duk ranar da famfo ya ƙafe a unguwar nan, duk ranar da matarsa ta ɗauko jarka… Waɗanda ke waje kuma? Su juyo kanta? Su ji cewa ba sata aka yi musu ba, wauta ce, wautar tsohuwar mai wanki? Mutane sun fi son ɓarawo. Ɓarawo ana iya dukansa a huce.

In ta sa hannu, a sake zaɓe wataƙila. Wataƙila. Auta ya ci. Ruwa ya zo. Unguwa guda, da mutum ɗaya mai tabarau… Aikinsa. Sunansa. In ma sun bar shi ya kai gida da ƙafarsa. Wa zai sani? Gwaggo ba za ta taɓa ganewa ba. Babu wanda ya lura da layin nan. Babu.

Ta karɓi biron Auta. Ta ɗora a kan layin. Ba ya rubutu. Ta goga a gefen takardar, ta yarfa shi, ta sake gogawa. Ya ƙafe. Alhamdu lillahi… a'a, me take gode wa? Auta na lalube aljihu, babu wani. Yana waige-waige. Ƙyauren waje ya yi wata ƙara da ba irin ta ɗazu ba.

Sai hannu ya miƙo ta saman bencin. Malamin ne. Ya zare nasa daga aljihun riga.

"Ga wannan, Yaya," in ji shi a hankali. "Yana rubutu."

Bai kalli takardar ba, ita yake kallo. Ya sani? Ya san abin da ke cikin takardar, wannan dai tabbas, a gabansa Auta ya faɗa. Ɗayan fa, maganar ninkin? Babu zargi a idon, babu roƙo, gajiya ce kawai. Ko jira yake ya ga wace ce ita?

"Yaya," in ji Auta. "Yi sauri."

Biron na hannunta. Da ɗumin jikin mutumin a kansa… bai huce ba tukuna.