Mai Ciwon Gwiwa

Auta ta gama karatun likita, amma ba ta samu gurbin horon ƙwarewa ba. Sai ta kama aiki a wani ofishi inda marasa lafiya ke bugo waya neman shawara. Ga tebur, ga waya, babu farar riga. Tun daga nan ta daina cin abinci da mutanen gida, tana dawowa sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Ran nan wata dattijuwa ta bugo tana maƙe murya, wai gwiwarta ke ciwo. Tana yin tari Auta ta gane mahaifiyarta ce, amma ta dake, ta yi mata tambayoyi tsaf, ta faɗa mata abin yi.

"Allah ya yi miki albarka, likita," in ji matar. "Ni ma 'yata likita ce, amma gani take ta ba mu kunya. Duk ta rame. Me zan ba ta?"

Auta ta share ido da bayan hannu.

"Ki zuba muku a kwano ɗaya, Mama. Yau da wuri za ta dawo."