Jakar Takarda Ta Dala Arba'in

Sati uku da binne Mama, ƙanena Alcide ya fito da kayanta tsakar gida ya baza a kan tebura don sayarwa. Tukwane, barguna, keken ɗinki, duk ban damu ba, haka ake yi a nan Louisiana idan gida ya mutu. Abin da ya tayar min da zuciya shi ne teburin ƙarshe. A kai ya jera kyandirorin da Fada, limamin coci, ya sa wa albarka, waɗanda Mama ke kunnawa idan guguwa ta taso, da gicciyen ɗakinta, da carbinta na azurfa. Ya kafa kwali ya rubuta: masu albarka ne, kuɗinsu ninki biyu.

Wannan carbin shekara hamsin yana hannunta, har ƙwayoyinsa sun siɗe. Shi kaɗai na roƙa a bar min. Alcide ya ce gado na kowa ne, sai dai a sayar a raba.

Na kira Fada Guidry, limamin cocinmu. Ya zo da takalmin aikin lambu, ya karanta kwalin, ya yi wa Alcide bayani a hankali kamar mai lallashin yaro. Ya ce albarka ba haja ba ce, wanda ya ƙara ko sisi saboda ita ya yi zunubi. Abin da aka keɓe wa Allah a bayar da shi kyauta, in ya lalace a ƙona ko a binne. Alcide ya yi ta gyaɗa kai, ya cire kwalin, har ya raka Fada mota. Ni kuwa, sakarya, na ɗauka magana ta shige shi.

Na shiga ciki na duba tukunya. Ina fitowa na tarar ya zuba kowane abu a cikin jakar takarda irin ta kanti, ya kafa sabon kwali: jaka dala arba'in, abin da ke ciki kyauta.

"Alcide, wa kake yi wa wayo? Fada ko Allah?"

"Yaya Eulalie, ni jaka nake sayarwa," in ji shi. "Nuna min inda aka sa wa takarda albarka."

Ko kunya babu a idonsa. Mutumin da rabonsa da coci tun ranar aurensa, yau shi ne masanin dokar coci. Na ji ƙyamarsa kamar na taka wani abu da ƙafa ba takalmi.

Ana haka wata mata ta sauko daga mota tare da ƙawarta, mai shagon kayan ado ce a birni. Ta zaro carbin Mama daga jaka, ta ɗaga shi a rana, ta ce wa ƙawarta idan aka tsinke shi ƙwayoyin za su yi 'yan kunne wajen goma. Ta tambaya ko gicciyen da ke ƙasan carbin yana ciruwa. Alcide ya ce da filaya minti ɗaya ne.

Ban san lokacin da na fizge shi daga hannunta ba. Ta buɗe jakar kuɗinta, ni ma na buɗe tawa, na riga ta. Alcide ya karɓa ya cusa a aljihu, ya miƙo min jakar takardar.

"Ga kayanki, Yaya. Carbin kyauta ne."

Na dawo da shi gida, babu wanda zai tsinke shi. Amma na san abin da na biya, na kuma san ba takarda na saya ba. Sau biyu ina ɗauko shi zan yi addu'a, da na kai ƙwaya ta uku sai bakina ya ƙi. Ranar Asabar na shiga layin masu furta zunubi a coci, ni da na kira Fada ya yi wa Alcide wa'azi.