Ɗakin Ƙarshe a Layin Mangwaro

Tun daga bakin titi Mashkura ta lura ba wanda ke duban gwaggonta. Mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa ya bi Mashkura da ido. Wata mai kitso a ƙarƙashin rumfa ta tsaya cak da tsinke a hannu. Ba kallon raini ba ne, ba kuma na sha'awa ba. Kallo ne irin na wanda aka ba abu aka ce ya haddace.

Mako uku ke nan da ta fara karatu a jami'a, tana zuwa daga gidan Gwaggo Hadijatu a Mararaba. Mota uku take shiga kafin ta iso, ta keta Abuja daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mahaifinta ya bugo waya daga Lafiya ya yanke magana: ko a samo mata ɗaki a unguwa mai tsaro kusa da makaranta, ko ta dawo gida. Ɗaki bakwai suka duba. Ɗaya yana jikin mashaya, ɗaya ƙofarsa da igiya ake ɗaure ta, masu kyan kuwa sun fi ƙarfinsu. Wata mai shara a sashensu na jami'a ce ta ce ta gwada Layin Mangwaro a bayan Giri, ta tambayi gidan Mama Margaret.

Mama Margaret doguwa ce, mutuniyar Filato, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Ta buɗe musu ɗakin ƙarshe a tsakar gida. An yi masa sabon fenti, tagarsa da ƙarfe, ga famfo a bakin ƙofa. Da ta faɗi kuɗin haya, Gwaggo ta sake tambaya, don bai kai rabin na sauran ba.

"Yoyo yake yi?" in ji Gwaggo.

"Ba ya yoyo, Hajiya. Shekara biyu yana rufe." Ta juya ga Mashkura. "'Yata, ƙarfe nawa kuke tashi daga makaranta?"

"Huɗu, Mama. Wani lokacin biyar."

"Huɗu ko biyar?"

"Ya danganta da rana."

"To za ki rubuta min ranakun. Sharaɗina ke nan, ba ni da wani. In za ki fita ki faɗa min, in za ki makara ki kira."

A hanyar komawa Gwaggo ta yi ta hamdala. Ta ce ko ita da ta riƙe ta ba ta sa mata ido haka ba.

Unguwar kuwa akwai tsaro. Ba a taɓa ɗauke mata ko takalmi ba. Tana barin wanki a igiya ta tafi, in hadari ya taso ta tarar an kwashe an ninke. Sai dai kowace safiya Mama Margaret tana zaune a bakin get, kuma ba ta amsa gaisuwa sai ta dube ta daga sama har ƙasa, leɓɓanta suna motsi. Wata rana Mashkura ta matsa kusa ta ji abin da take faɗa.

"Hijabi ruwan toka. Atamfa kore. Jaka baƙa."

A bakin titi kuma Baba Kure mai faci yakan bar aikinsa duk lokacin da ta tsayar da mota. Ya zagaya baya ya ɗauki hoton lamba da wayarsa, ya leƙa ya dubi fuskar direba da ta kowane fasinja, sannan ya ɗaga mata kai. Sau biyu ya hana ta shiga, bai faɗi dalili ba. Da yamma, in ta sauko, sai ta ji layin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan injin markaɗe ya tashi, rediyo ta ci gaba, kamar ita suke jira su numfasa.

Ta gaya wa Gwaggo a waya cewa wurin yana tayar mata da tsigar jiki.

"Sun yi miki wani abu?"

"A'a."

"Sun ce miki wani abu?"

"Ba su ce komai ba, Gwaggo. Shi ne ai."

"To ki gode wa Allah, ki riƙe azkar ɗinki."

Wata ranar Laraba aikin ɗakin gwaji ya ja su har bayan biyar. Wayarta ta mutu, aka kuma tsuge da ruwa, motoci suka yi wuya. Ana kiran magariba ta sauka a bakin layi.

Duk shagunan a rufe suke. Mutanen layin kaf suna tsaye a gefen titi cikin yayyafi, maza da mata, wasu da lema, wasu ruwa na bin fuskarsu. Liman na nan da dardumar sallarsa a kafaɗa, kusa da shi mai kitso tana riƙe da carbin cocinsu. Da ta tako, suka dare mata hanya. Daga can baya wata tsohuwa ta ce, a hankali, "Perpetual."

Mama Margaret ta kama wuyan hannunta. Tafinta sanyi ƙalau. Ba ta sake ta ba sai da suka shiga falo, ta zaunar da ita, ta miƙa mata tawul.

"Mama, wace ce Perpetual?"

Mama Margaret ta zauna kusa da ita.

"Ɗakinki ta zauna. Tana aji uku. Yarinya ce mai shiru, ba ta shiga harkar kowa, mu ma ba mu shiga tata ba. Wata safiya ta fita, ta tsayar da mota a gaban Kure. Ana zaton irin motocin nan ne na 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi gaba da shi. Zato ne kawai." Ta ɗaga yatsu huɗu. "Kwana huɗu, 'yata. Kwana huɗu ɗakin nan yana kulle, ina wucewa ta ƙofarsa ina ɗiban ruwa, ban ce ina yarinyar nan ba. Sai da uwarta ta zo daga Sheda."

Ruwa na ɗiga daga indararo cikin bokiti.

"'Yan sanda suka tara mu a nan tsakar gida. Tambaya ɗaya suka fara yi: wane kaya ta sa? Mu fiye da talatin. Duk mun gan ta da safen nan. Ba wanda ya iya faɗa. Uwar ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta zagi kowa ba, ta ɗauki jakarta ta tafi."

"An same ta?"

"Ba a samu gawa ba. Don haka ba wanda zai ce min ta mutu."

Tun daga ranar Mashkura ta daina jin haushinsu, amma ɗakin ya yi mata nauyi. Ta fara lura da ƙusoshin da aka bi da fenti a bango, da inda ƙafar wani gado ta ci siminti. In ta murɗa makulli da yamma takan ji wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta buɗe taga, ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe a hankali. Sau ɗaya Baba Kure ya ce mata, "Sannu da dawowa, kin daɗe," alhali ko minti goma ba ta ƙara ba.

Ana saura mako a yi hutu sunanta ya fito cikin waɗanda suka samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai. Ta ninke takardar ta sa a jaka. Sau uku ta tsaya a ƙofar falon Mama Margaret, sau uku ta gaishe ta kawai ta wuce.

Ranar tafiya, da la'asar, Gwaggo ta turo mai tasi. Mutanen layin suka taya ta loda kaya. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa ta ɗauko har da katifa da risho don hutun mako uku. Mama Margaret ta dubi katifar da aka ɗaure a saman mota, ta dubi Mashkura.

"Yaushe za ki dawo, 'yata?"

Mashkura ta buɗe baki. Takardar na cikin jakar da ke cinyarta.

"Sha biyu ga Janairu, Mama."

"Sha biyu ga Janairu," in ji Mama Margaret, ta juya ta faɗa wa Baba Kure. Shi ma ya faɗa wa na kusa da shi, maganar ta bi layi har ƙarshe.

Da motar ta hau kwalta Mashkura ta waiwaya don ta ɗaga musu hannu. Suna nan tsaye inda ta bar su, amma duk sun ba ta baya. Sun fuskanci ɗaya ɓangaren titi, inda wata farar bas daga jami'a ta tsaya tana sauke fasinja ɗaya bayan ɗaya, suna duban kowace fuska ko Perpetual ce.