Tsuntsuwar Bakin Famfo

Shekara shida ke nan da idanuna suka mutu, amma 'yata gani take kamar kunnuwan ma sun bi su. Da za ta fita sayo min magani da safe, sau uku tana maimaita min in kula da Mai-surutu, jikata 'yar shekara biyu da rabi. Na ce ta tafi abinta, ita ma ni na raine ta, ko yatsa ba ta rasa ba.

Muna lambun bayan gida. Ina kan kujerata, yarinyar tana can wajen famfo tana buga gwangwani da cokali. A wani rami na katanga, saman famfon, wata 'yar tsuntsuwa mai baƙi da fari ta yi sheƙa. Na san irinta tun ina gani: jela kullum cikin kaɗawa, in kana noman rake da fartanya ta biyo ka tana tsince ƙwari ba ko kunya. Kwana tara ina jin tsiwar 'ya'yanta.

Sai waƙarta ta yanke. Ta koma wani kuka mai kaushi, cak-cak-cak, kamar almakashin da ya dakushe. In kyanwa ce, daga kan igiyar shanya take zaginta. Wannan kukan kuwa ƙasa-ƙasa yake, yana tafiya a hankali a gindin katanga. Abu ɗaya take bi haka. Maciji.

"Zo ki ba Kaka gwangwanin," na ce, murya a sanyaye.

"A'a."

Halin uwarta sak. In na daka tsawa za ta ruga, kuma ban san ina za ta nufa ba. Na zame daga kujera na fara rarrafe, kunne ɗaya a kan tsuntsuwa, ɗaya a kan cokali. Tazarar da ke tsakaninsu sai raguwa take yi. Hannuna ya sauka kan wani abu dogo mai sanyi, na janye hannun da sauri. Tiyon ban-ruwa ne. Na tsine masa a zuci na ci gaba.

Cokalin ya yi shiru.

"Kaka, igiya tana tafiya."

Ban san lokacin da na kai gare ta ba. Na cafki ƙafarta, na ɗaga ta bisa kafaɗa, na miƙe na ƙame. Tana ta shure-shure tana dukan kaina da gwangwani. Kukan tsuntsuwar ya wuce ta gabana, ya hau katanga, ya tsaya saman kaina.

A haka 'yata ta same mu. Ta fizge yarinyar, ta ja ni baya, ta ce ga wutsiyar macijin can tana sulalewa ta bayan katanga. Ta duba jikinmu kaf, babu sara.

Da na samu bakin magana na ce a ajiye wa tsuntsuwar nan ruwa kullum, don ita ta yi mana gargaɗi. 'Yata ta taka bakin famfo ta leƙa ramin.

"Baba, ba da mu take ba," ta ce. "Sheƙar babu ko ɗaya cikin 'ya'yanta. Ga ta can ta dawo da tsutsa a baki, ta rasa wanda za ta ba."