Sammani Ya Cire Sirdi

Sammani ya daɗe yana son haye kwalbatin Ƙofar Durbi da keke ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba, amma kullum sai ya sha ƙasa. Ya je wurin Yohanna, gwanin masu tsalle da keke.

"Rage iskar taya, ka ɗaure birki," in ji Yohanna. "Sirdin nan kuma cire shi, nauyi ne kawai. Mu a tsaye muke hawa."

Sammani ya cire. Da la'asar ya ɗaga tayar gaba, ya daka tsalle, sai ga shi bisa kwalbati cak! 'Yan kallo suka ɗau tafi. Daɗi ya kwashe shi, ya manta, ya zauna.

A ruf da ciki aka kai shi gida.